Ajiya Maganin Wata Rana: Ina Rubuce-rubucenmu Suke Kwana?

 

Bayan ƙaramar Sallah, mu 'yan tsirarun da muke haɗuwa tsakanin Jega da Aliero da Maiyama muka yanke shawarar tattara gajerun labaran da muka rubuta cikin shekara biyu, mu fitar da su a littafi ɗaya. Muka ce kowa ya turo nasa cikin mako biyu. Mun ɗauka wahalar tana wajen tacewa da kuɗin ɗab'i. Ashe tun a wajen nemo labaran za mu cije.

Wani ya ce nasa yana cikin wayar da aka zare masa a tasha. Wani ya ce memorinsa ya daina buɗewa, ya kai wa mai gyara, aka goge komai da sunan gyara. Wani ya turo mana labari ɗaya har kala uku, ya ce mu zaɓa, don shi kansa bai san wanne ne na ƙarshe ba. Wadda ta fi ba mu tausayi wata 'yar'uwarmu ce daga Maiyama. Ta shekara uku tana rubuta littafi. Babukan farko suna cikin tsohuwar wayar da gilashinta ya fashe, na tsakiya suna cikin wani zauren WhatsApp da aka daɗe da rushewa, na ƙarshe kuma suna cikin littafin makaranta da ƙannenta suka yage bayansa. Littafin yana nan, amma babu wuri ɗaya a duniya da za a nuna a ce ga shi.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: duk wanda ya ɗauki rubutu da muhimmanci, wajibi ne ya tattara aikinsa wuri ɗaya mai tsari, sannan ya kwafi wannan wuri ɗaya zuwa wasu wurare. Tattarawa aiki ne daban, kwafa aiki ne daban, kuma ɗaya ba ya isa sai da ɗaya. Mun koyi wannan darasi ne a inda ba mu zata ba.

DAREN DA MUKA YI A SHAGON BUGA TAKARDU

Muna da aboki mai shagon buga takardu a Jega, wanda ya karanci kimiyyar kwamfuta. Yawancin masu kawo masa aiki ɗalibai ne, wasu daga makarantun cikin gari, wasu daga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006. Kwamfutocin shagon duk suna ajiye aikinsu ne a cikin wata guda ɗaya da ke kusurwa, wadda ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Ba ta da wani aiki sai riƙe wa sauran kaya.

A cikin wannan saba akwai faifan ajiya guda uku. Shekarun baya, lokacin da ya haɗa ta, ya yanka faifan gida-gida, kamar yadda ake raba fili da katanga: ɗakin kundayen ɗalibai, ɗakin hotunan biki da na fasfo, ɗakin takardun ofisoshi. Da tafiya ta yi tafiya, sai ɗakin kundaye ya cika maƙil, alhali ɗakin hotuna ko rabi bai kai ba. Ga wuri a gidan, amma katanga ta hana a yi amfani da shi. Yaran shago suka koma jefa kundaye duk inda suka ga sarari. Ɗalibi zai zo neman aikinsa na bara a shafe awa guda ana lalube. Kuma faifai ɗaya, mafi tsufa a ciki, ya fara wata 'yar ƙara da duk mai sana'ar ya san ba ta alheri ba ce.

Maganin da ya zaɓa shi ne wani tsari da ke cikin manhajar Linux mai suna LVM, wanda ya samo asali tun 1998. Abin da tsarin yake yi shi ne ya haɗe faifai da yawa su zama fili guda, sannan a yanka ɗakuna a kai da katangar da za a iya matsawa. In ɗaki ya cika, a ƙara masa daga sararin da ya rage. In an sayo sabon faifai, a zuba shi cikin filin. In wani faifai ya fara ciwo, a kwashe kayansa zuwa sauran, a zare shi.

Mun ɗauka zai danna maɓalli biyu ya gama. Sai muka ga ya ɗauko biro da takarda. Ya fara rubuta abin da ke cikin kowane ɗaki da girmansa. Ya tabbatar akwai mai a janareta, domin ɗauke wuta a tsakiyar kwashe kaya na iya lalata na baya da na gaba. Ya kwafe komai a wani faifai na waje, ya buɗe fayiloli daga nan da can ya ga suna buɗuwa, ya cire faifan ya sa a aljihun tebur. Sai a lokacin ya taɓa saba. Bayan ya gina sabon tsarin ya mayar da kaya, bai yarda da idonsa ba. Ya sa kwamfuta ta lissafo wa kowane fayil wata lamba mai kama da zanen yatsa, wadda ko harafi ɗaya ya canja a cikin fayil sai ta canja, ya gwada ta tsohon da ta sabon. Da suka yi daidai, muka ce to sai a goge tsohon faifai. Ya ce a'a, zai kwana wata guda a ajiye tukuna.

Aikin haɗewar kansa bai ɗauki lokaci ba. Shiri da tabbatarwa su suka cinye daren.

RANAR ƘAURA ITA CE RANAR ASARA

Da muka tambaye shi dalilin wannan taka-tsantsan, sai ya ce kaya sun fi ɓata ranar tashi daga gida zuwa gida. Tarihin sana'arsu ya gaskata shi.

A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara kwafin rumbun bayanansu, cikin dare kuma a gajiye, sai ya ba da umarnin gogewa a kan babbar saba maimakon ta biyun. Kafin ya farga, kusan gigabait 300 sun tafi. Da aka waiwayi hanyoyin ajiya biyar da kamfanin yake taƙama da su, sai aka tarar babu wadda take aiki yadda ake zato. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan, kuma aikin waɗannan awanni shida ya tafi ke nan.

A watan Maris na 2019 kuma, dandalin Myspace ya amsa cewa wajen ƙaurar da kaya daga wasu sabobi zuwa wasu, ya rasa waƙoƙi da hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora tsawon shekaru. An ƙiyasta waƙoƙin da suka salwanta sun kai miliyan 50. Mawaƙa da yawa ba su da wani kwafi sai wannan.

Waɗannan kamfanoni ne masu ƙwararrun ma'aikata da kuɗi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Mu da muke canja waya a tsaye a bakin shago, mai shago yana gaggawa muna gaggawa, mu ne muka fi kusa da irin wannan asara. Don haka ka'ida ta farko: ranar tattarawa, kwafa ake yi, ba a yankewa. Kada a saki na hannu sai an tabbatar na gaba ya kamu.

"AI WARWATSUWAR MA TSARO CE"

Wani daga cikinmu ya kawo hujja mai nauyi. Ya ce shi da gangan yake barin aikinsa a warwatse, domin in waya ta ɓata akwai na WhatsApp, in WhatsApp ya tafi akwai na takarda. Ya ce in ka tara komai wuri ɗaya, ranar da wurin ya ƙone ka tashi a tutar babu.

Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma abokinmu mai shago ya tabbatar da ita. Ya ce in ka haɗe faifai uku suka zama fili ɗaya ba tare da kwafi ba, ka ƙara wa kanka haɗari ne, domin ɗaki guda yana iya ratsa faifai biyu, mutuwar ɗaya sai ta shafi duka. Ko tsarin nan da ake kira RAID, wanda wani nau'insa yake rubuta abu ɗaya a faifai biyu lokaci guda, ba ya hana asarar kuskure: in ka goge fayil, a duka biyun ya gogu.

Amma ɗaya rabin maganar akwai gyara. Abin da ɗan'uwan nan yake da shi a wurare uku ba kwafi uku ba ne. Kashi uku ne na abu ɗaya. Babi na 1 zuwa na 10 a nan, na 11 zuwa na 20 a can. Duk wanda ya ɓata a ciki, littafin ya nakasa. Wato maimakon ƙofar asara ɗaya, ya buɗe wa kansa uku. Cikakken kwafi a wurare uku shi ne tsaro. Gutsattsari a wurare uku kuwa jiran tsammani ne.

Mu dubi manomin albasa a Aliero. Ba ya barin amfaninsa buhu biyu a gona, uku a zaure, ɗaya a gidan maƙwabci, ya ce ya yi dabara. Yana tattarawa, ya bar ta ta sha iska, ya tsince mai rauni, ya jera mai kyau a rudu inda iska ke ratsawa, kuma yana dawowa lokaci-lokaci yana dubawa yana fitar da wadda ta fara ruɓa. Ya san abin da yake da shi, shi ya sa yake iya jiran ranar da kasuwa za ta yi kyau. Sai dai mu mun fi shi sa'a a abu ɗaya: shi ba zai iya kwafar albasarsa ba, mu kuwa muna iya kwafar littafi sau goma ba tare da ya ragu ba.

Masu wannan sana'a suna da ka'ida mai sauƙin riƙewa, 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri na daban. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne ga mutanen da ke zaune kusa da gulbi. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a Jihar Kebbi ya san ruwa ba ya tambayar wane ɗaki ne na littattafai. Waya da filash da ke cikin jaka ɗaya, a wajen ɓarawo ko gobara ko ruwa, kwafi ɗaya ne.

"AI YANA INTANET"

Wasu kuma sun ce su hankalinsu kwance yake, tunda duk abin da suka rubuta sun ɗora a Facebook ko Wattpad ko sun tura zaurukan WhatsApp. Muna tunatar da juna cewa waɗannan wurare kasuwa ce, ba rumbu ba. Rumfar haya ce, mai ita yana iya tashinka, shi ma yana iya tashi.

OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Kamfanin Google ya sanar cewa asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba yana iya gogewa da duk abin da ke ciki. WhatsApp yakan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a hau ba. Layin waya da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, ana iya sayar wa wani, kuma da yawanmu da wannan layin muka buɗe komai. Sannan ba mu manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a maƙwabciyarmu Zamfara saboda matsalar tsaro. Marubucin da aikinsa yake intanet kaɗai, a irin wannan lokaci ko shafi ɗaya ba zai iya buɗewa ba.

Ba muna cewa a guji intanet ba ne. Ya zama ɗaya daga cikin ukun, kada ya zama shi kaɗai.

"NI MARUBUCI NE, BA AKAWU BA"

Akwai masu ganin wannan aiki bai dace da mai fasaha ba, wai shi dai ya zubo basira, tsari na wasu ne. Amsarmu tana nan kusa, a Gwandu, maƙwabciyar Aliero. A 1813 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya tattara waƙoƙinsa na Larabci da ya yi a lokuta daban-daban, ya jera su, ya bayyana dalilin kowace da abin da ke faruwa lokacin da ya yi ta. Littafin shi ne Tazyinul Waraƙat, kuma sunan kansa yana nuni ga tattara baitoci a takardu. Saboda wannan tsari, littafin ya zama ɗaya daga cikin manyan madogaran tarihin jihadi, har aka buga shi da fassarar Ingilishi a Ibadan a 1963. Mutumin da yake da jagorancin jama'a da karantarwa da yaƙi a wuyansa bai ga tattara aikinsa a matsayin ƙasƙanci ba.

Haka rubuce-rubucen Nana Asma'u. Sun iso gare mu ne domin zuriyarta a Sakkwato, gidan Waziri Junaidu, sun adana takardun, almajirai kuma sun yi ta kwafa da hannu. Daga nan ne Jean Boyd da Beverly Mack suka samu abin da suka tattara suka buga a 1997. Magabatanmu sun haɗa abubuwan nan biyu tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta: gafaka ɗaya mai tsari, da kwafe-kwafe a hannun mutane da yawa.

Maganar rashin kuɗi ma ba ta taso ba. Littafi mai kalmomi 100,000, in rubutu ne zalla, bai cika megabait ɗaya ba. Hoto guda da muke ɗauka a wajen biki ya fi shi nauyi. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta zai ɗauki abin da ya fi ƙarfin rubutun rayuwar mutum. Wayoyinmu suna cika ne da bidiyon da aka turo mana, sai mu rasa wurin aikin da muka yi da guminmu, kamar dai sabar abokinmu: wuri yana nan, tsari ne babu.

YADDA ZA MU YI

Ga abin da muka ɗauko daga wancan dare, muka mayar da shi daidai da mai rubutu a waya:

1. Ƙidaya. A ɗauki takarda a rubuta kowane aiki da inda kowane ɓangarensa yake: waya, memori, imel, zaure, littafin makaranta. Kada a taɓa komai sai an gama wannan.

2. Uwar jaka. A buɗe folda ɗaya tak, a cikinta kowane littafi da tasa foldar. Daga yau nan ne gidan aiki. Duk gyara a nan za a yi shi, sauran wurare kwafi ne kawai.

3. Suna mai ma'ana. A daina "sabo", "na ƙarshe", "na ƙarshe sosai". A sa sunan aiki da lambar babi da kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana. A rubuta babi 01, 02, 03, domin kwamfuta ta jera su daidai.

4. Kwafa, ban da yankewa. Abin da ke WhatsApp ko Facebook a kwafo shi cikin fayil. Abin da ke takarda a ɗauki hotonsa shafi-shafi kafin a samu lokacin bugawa.

5. Tabbatarwa. A buɗe kowane fayil a sabon wurinsa, a duba farkonsa da ƙarshensa. A lura da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, domin wani lokaci wajen ƙaura sukan rikiɗe su koma alamar tambaya ko akwati. In manhaja ta ba da zaɓi, a ajiye da tsarin UTF-8.

6. Kwafi uku. Ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a intanet, ɗaya a filash da zai zauna a wani gida. Na Jega ya ba amininsa na Maiyama, na Maiyama ya ba na Aliero. A ware rana ɗaya a mako ta sabunta kwafi.

7. Haƙuri da tsohon wuri. Kada a goge, kada a sayar da tsohuwar waya, sai an yi wata guda ana aiki da sabon tsari lafiya.

8. Gwaji. Lokaci-lokaci a ɗauki wayar wani a gwada buɗe kwafin intanet, a soka filash a ga yana nan da rai. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko akwai shi ba.

Mun san abin da ke zukatan wasu: tsoron satar fasaha. Tsoro ne mai dalili, shi ya sa muka ce amini, ba kowa ba, kuma ana iya kulle fayil da kalmar sirri. Amma mu lura, ranar da wani ya ɗauki labarinka ya sa sunansa, jerin tsofaffin kwafe masu kwanan wata, da saƙon imel da ka tura wa kanka tun kafin labarin ya fita, su ne za su tsaya maka shaida. Wanda aikinsa yake a warwatse, rantsuwa kawai gare shi.

Akwai kuma maganar da ba ma son yi. Rai na hannun Allah. Takardun magabata an same su a gafaka bayan rasuwarsu. Namu suna bayan lambar sirrin da ba wanda ya sani. Ya kamata kowannenmu ya samu mutum ɗaya a gida da ya san inda aikin yake da yadda za a buɗe shi.

Ita 'yar'uwarmu ta Maiyama, an yi sa'a mai gyara ya canja gilashin tsohuwar wayar an kwashe babukan farko. Na tsakiya, wata mai karatu da ba ta goge saƙonninta ba ta turo mafi yawansu. Babi huɗu ba a same su ba har yau. Tana sake rubuta su, amma ta ce mana ba su fito kamar na farko ba, kuma mun yarda da ita, domin duk wanda ya taɓa sake rubuta abin da ya ɓata ya san haka.

Aikinmu na wannan mako ba sabon labari ba ne. Kowa ya yi mataki na farko kawai: takarda da biro, sunan kowane aiki da inda yake kwana. Wanda ya gama ya faɗa mana wurare nawa ya ƙirga, da abin da ya nema bai gani ba. Wanda kuma yake da wata dabara da ta fi tamu, ko yake ganin mun yi kuskure a wani wuri, fili a buɗe yake.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya tsare mana abin da muka wahala a kansa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.